Baxter Springs da Tarihin Yanka da Ruwa: Tambayoyi da Amsoshi

A kusurwar kudu maso gabas ta jihar Kansas a Amurka akwai wani ƙaramin gari mai suna Baxter Springs, wanda mutanensa da masana'antar da ke cikinsa suke cewa a nan aka haifi fasahar yanka abubuwa da ruwa mai tsananin matsi. Ga tambayoyin da suka fi tasowa idan aka zo batun wannan iƙirari, da kuma ita kanta fasahar.

Wane irin gari ne Baxter Springs?

Gari ne da ke gundumar Cherokee, dab da iyakar jihar Oklahoma, kuma ba shi da nisa da birnin Joplin na jihar Mizuri. A ƙidayar 2020 mutanensa ba su kai 4,000 ba. Ya samo sunansa ne daga wani mutum mai suna John Baxter da ya zauna a wurin a tsakiyar ƙarni na 19, da kuma maɓuɓɓugan ruwa da ke yankin. Masu tarihin yaƙin basasar Amurka sun san shi saboda harin 6 ga Oktoba 1863, lokacin da mahayan William Quantrill suka auka wa ayarin Janar James Blunt suka kashe mutum kusan 100. Bayan yaƙi garin ya zama zangon masu koro shanu daga Texas, daga baya kuma ya ci arzikin haƙar dalma da zinki da aka yi a yankin da jihohin uku suka haɗu. Tsohuwar hanyar nan mai lamba 66 ma ta ratsa ta tsakiyarsa.

Haƙar ma'adinan ta ƙare, ta bar tulin tarkace mai guba da ramuka a ƙarƙashin ƙasa, har garin Picher da ke ƙetaren iyaka ya watse baki ɗaya. Wanda ya san wannan zai fahimci dalilin da ya sa mutanen Baxter Springs suke riƙe da tarihin masana'antarsu hannu bibbiyu, domin ita ce sana'ar da ta zauna bayan sauran sun wuce.

Mene ne ainihin abin da garin yake iƙirari?

Abin da ake cewa shi ne, kamfanin McCartney Manufacturing da ke garin, wanda a lokacin yake ƙarƙashin babban kamfanin Ingersoll-Rand, shi ne ya fara ƙera na'urar yanka da ruwa wadda aka sayar aka kuma kafa ta a masana'anta domin aikin yau da kullum. Shekarar 1971 ce ake ƙirgawa a matsayin mafarin wannan aiki. Mai sayen na'urar shi ne kamfanin Alton Box Board mai yin kwali, kuma aikinta shi ne yanka manyan bututun takarda mai kauri waɗanda ake amfani da su wajen haɗa kayan ɗaki.

Ya kamata a lura da iyakar wannan magana. Ba a ce mutanen garin ne suka fara tunanin ruwa zai iya yanka abu ba, ba a kuma ce na'urarsu ta farko ta yanka ƙarfe ba. Abin da tarihi ya tabbatar musu shi ne na'ura ta farko da ta fita daga ɗakin gwaji ta shiga kasuwa. Idan aka faɗaɗa maganar ta wuce nan, an shiga haƙƙin wasu.

Ta yaya ruwa, wanda aka san shi da taushi, zai yanka abu mai tauri?

Sirrin yana cikin matsi da gudu. Ana auna matsi da wani ma'auni mai suna bar. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba, amma na'urar yanka da ruwa tana aiki ne da matsin da ya kai bar 4,000, akwai ma masu kaiwa bar 6,000 da ɗoriya. Ana tura wannan ruwa ta cikin bututun ƙarfe masu kaurin jiki zuwa kan na'urar, inda ƙofar fita ɗaya ce tak, wata 'yar huda a jikin yaƙutu na ƙira ko daimon, wadda faɗinta yake tsakanin milimita 0.1 da 0.4. Da yake ruwan ba shi da wata mafita, sai matsin ya rikiɗe ya zama gudu, ya fito a matsayin siririn zare mai tafiyar mita 900 a daƙiƙa ɗaya, wato fiye da ninki biyu na gudun sauti a cikin iska. Da irin wannan gudu ruwa zalla yana raba roba, soso, fata, kwali, kafet da kayan abinci, kuma saboda saurin wucewarsa ba ya jiƙa takarda yadda mutum zai zata.

Abu mai wuya shi ne samar da matsin. Injin da aka fi amfani da shi yana da babban fistin a tsakiya wanda man haidurolik yake turawa, a kowane gefe kuma akwai siririn sanda mai shiga silindar ruwa. Idan faɗin fuskar babban fistin ya ninka na siririn sandan sau 20, to matsin mai na bar 200 zai zama matsin ruwa na bar 4,000. Fistin yana kai da komo, gefe ɗaya yana matsa ruwa yayin da ɗayan yake zuƙo sabo, kuma wanda ke tsaye kusa yana jin bugunsa duk lokacin da ya juya. A daidai wannan juyi matsin yakan so ya faɗi, shi ya sa ake haɗa wata tukunyar ƙarfe mai adana ruwan da aka matsa domin ta cike giɓin. Wannan yana yiwuwa ne saboda a irin wannan matsi ruwa kansa yana danƙarewa da fiye da kashi 10 cikin 100 na girmansa, abin da ba a gani a rayuwar yau da kullum.

Me ya kai irin wannan aiki ƙaramin gari irin wannan, ba babban birni ba?

Amsar tana wurin leda. A shekarar 1933 masana kimiyya na kamfanin ICI a Ingila suka gano roba mai suna foliyetilin, wadda daga nau'inta mai laushi ake yin leda da makamantanta, kuma haɗa wannan nau'i yana buƙatar matsin da ya kai bar 1,000 zuwa 3,000. Masana'antun da ke yin ta suna buƙatar injinan da za su riƙa cusa sinadari a cikin tukunyar da ke ɗauke da wannan matsi, dare da rana, ba tare da yoyo ko fashewa ba. Kamfanin McCartney ya fara ƙera irin waɗannan injina a Baxter Springs a shekarar 1960 domin masana'antun foliyetilin.

Saboda haka, lokacin da batun yanka da ruwa ya taso, an riga an shafe shekara goma a garin ana koyon abubuwan da sai da aiki ake sanin su: wane ƙarfe ne zai jure matsawa da saki sau miliyoyi kafin ya tsage, wace irin toshiya ce za ta hana ruwa tsartuwa a gefen sandan da ke kai da komo, yaya za a haɗa bututu biyu ba tare da mahaɗar ta zama wurin rauni ba. Wannan ilimi yana hannun injiniyoyi da maƙeran da ke aiki a wurin, kuma a wancan zamani masu shi kaɗan ne a duniya.

Wane ne Norman Franz, kuma me ya sa sunansa yake fitowa a kowane tarihin wannan fasaha?

Dakta Norman Franz masanin gandun daji ne da sarrafa katako, wanda ya yi aiki a Jami'ar Mishigan kafin ya koma Jami'ar British Columbia a Kanada. Damuwarsa ita ce yawan katakon da zarto yake mayarwa dusa a wurin tsaga manyan itatuwa, sai ya yi tunanin ko siririn zaren ruwa zai yi aikin ba tare da wannan asara ba. A gwaje-gwajensa na farko yakan sako abu mai nauyi ya faɗo a kan ruwan da aka tsare a cikin silinda, ruwan ya tsarto ta 'yar huda da ƙarfin da ke yanka katako. Matsalar ita ce tsartuwar ba ta daɗewa, da nauyin ya gama faɗuwa shi ke nan. Daga baya ya gano cewa idan aka narkar da wasu sinadarai masu dogayen ƙwayoyi kamar sarƙa a cikin ruwan, zaren yakan riƙe kansa ya yi nisa kafin ya tarwatse, kuma ya samu takardar mallakar ƙirƙira a kan haka.

Franz yana da tunanin da hujjar gwaji, amma ba shi da injin da zai riƙe matsi na sa'o'i. McCartney kuwa yana da injin. Haɗuwar waɗannan biyu ce ta samar da na'urar farko, don haka duk wanda ya ba da labarin Baxter Springs bai ambaci Franz ba ya rage rabin labarin. Abin lura shi ne tsaga katako, wanda shi ne ya tayar da binciken, bai zama babban aikin fasahar ba har yau, domin zarto ya fi ta sauri da arha a wannan fanni.

Kafin 1971 ba wanda ya taɓa amfani da ruwa ta wannan hanya?

An yi, kuma ba sau ɗaya ba. Tun 1853 masu neman zinariya a Kalifoniya, ciki har da Edward Matteson, suke harba ruwa da manyan bututu suna rushe gefen tsaunuka, har laka da tsakuwa suka cike koguna da gonaki, kotu ta taka wa abin birki a 1884. Sai dai wannan wanke ƙasa ne da yawan ruwa, ba yanka ba ne a kan layi.

Yanka na gaske ya fara bayyana a 1933, lokacin da kamfanin Paper Patents a jihar Wisconsin ya ƙirƙiro na'urar da ke yanka takarda da ruwa tana cikin tafiya a kan inji, amma da ƙaramin matsi. A 1956 Carl Johnson na kamfanin Durox a Lukzambur ya fito da hanyar yanka roba da siririn ruwa. A 1958 Billie Schwacha na kamfanin North American Aviation ya yi gwaji da matsin da ya kusa bar 7,000 domin yanka ƙarafa masu tauri, aka kuma gwada hanyar a kan falankin jirgin yaƙi samfurin XB-70, sai dai ruwan ya riƙa ɓamɓare shimfiɗun falankin daga juna. Waɗannan duka suna da takardun shaida, kuma duka sun riga Baxter Springs. Abin da ba su yi ba shi ne samar da na'ura mai tsananin matsi wadda wani kamfani dabam zai saya, ya kunna da safe, ya yi aiki da ita har yamma, gobe ma ya sake.

To yaushe aka fara yanka ƙarfe, kuma a ina?

Wannan shi ne wurin da ya fi raunana iƙirarin garin, domin abin da yawancin mutane suke nufi idan sun ce yanka da ruwa a yau shi ne yanka ƙarfe da dutse, kuma ba a Kansas aka samar da shi ba. A garin Kent na jihar Washinton akwai kamfanin Flow, inda John Olsen ya inganta injin ninka matsi a farkon shekarun 1970. A 1979 wani injiniya ɗan asalin Iskandariya ta ƙasar Masar, Dakta Mohamed Hashish, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Concordia da ke Kanada, ya fara aiki a can a kan yadda za a ƙara wa zaren ruwa ƙarfin yanka. Mafitar da ya kai ga cimmawa ita ce a saka wa ruwan yashi mai kaifi bayan ya riga ya fito daga hudar yaƙutu.

Ga yadda abin yake a kan na'ura. Zaren ruwa yana ratsa wani ɗan ɗaki a cikin kan na'urar, gudunsa yana zuƙo garin wani jan dutse mai tauri da ake kira ganet ta wani tiyo a gefe, su biyun su shiga dogon siririn bututu na ƙarfe mai tsananin tauri wanda hudarsa take kusan milimita 1. A cikin wannan bututu ruwan yake ba ƙwayoyin yashin gudunsa, kuma su ne suke cin ƙarfen, ruwan ɗan aike ne kawai. An fara sayar da irin wannan na'ura a farkon shekarun 1980, Hashish kuma ya samu takardar mallaka a 1987. Daga nan ne fasahar ta shiga yanka baƙin ƙarfe, alminiyom, taitaniyom, gilashi, mabul da tayil. Da ita aka yi amfani wajen datse kawunan rijiyoyin mai da aka cinna wa wuta a Kuwaiti a 1991, da ita kuma aka huda jikin jirgin ƙarƙashin teku na Rasha mai suna Kursk a 2001 domin a saƙala igiyoyin ɗago shi.

Idan haka ne, shin Baxter Springs ya cancanci a kira shi mahaifar fasahar?

A ganina ya cancanta, muddin an faɗi maganar da iyakarta. Mutane sukan ɗauka cewa ƙirƙira ita ce ranar da tunani ya faɗo wa wani a rai, amma a harkar masana'antu tunanin yakan kasance abu mafi sauƙi. Jerin sunayen da aka ambata a sama ya nuna cewa mutane da dama a ƙasashe daban-daban sun san ruwa zai yi yanka, wasu ma sun nuna hakan a ɗakin gwaji, amma shekara kusan 40 suka wuce tsakanin na'urar takarda ta Wisconsin da na'urar McCartney. Abin da ya tsayar da kowa shi ne injin da zai jure, kuma a Baxter Springs aka warware wannan har ya kai ga ciniki. Raina wannan mataki rashin adalci ne ga mutanen da suka yi shi, waɗanda galibinsu ba a rubuta sunayensu a littattafai ba.

Haka nan rashin adalci ne a bar mai karatu ya tafi da zaton cewa na'urar da yake gani tana ratsa ƙarfe mai kauri daga Kansas ta fito. Maganar da ta dace ita ce, binciken da ya share hanya na Franz ne, na'urar kasuwa ta farko ta Baxter Springs ce, yanka da yashi kuma na Hashish da abokan aikinsa ne a Kent. Babu ɗayan ukun da zai wadatar ba tare da sauran ba.

Me ya sa masana'anta za ta zaɓi ruwa alhali ga wutar gas, filasma da leza?

Babban dalili shi ne rashin zafi, domin wutar gas, filasma (iskar gas da lantarki ya zafafa ƙwarai) da leza (siririn haske mai tsananin ƙarfi) duk da zafi suke yanka. Duk mai walda ya san abin da wuta take yi wa bakin ƙarfe: yana canza launi, yana yin tauri ko ya yi gautsi, siririn falanki kuma yakan lanƙwashe, sai an bi shi da gurza kafin a yi aiki da shi. A kan teburin yanka da ruwa abin dabam ne. Ana shimfiɗa falankin a kan jerin siraran ƙarafa da ke saman tankin ruwa, kan na'urar ya sauko har ya rage 'yan milimita tsakaninsa da falankin, ya fara huda da ƙara mai tsanani da feshi, da zarar ya ɓulla ƙasa sai ƙarar ta canza, ya kama bin zanen da kwamfuta ta ba shi. Ruwan tankin yakan gurɓace ya yi ja-ja saboda yashin. Da an gama, ma'aikaci yana iya sa hannu ya ɗauki abin da aka yanka nan take, domin bai yi zafi ba. Idan ya juya shi ya dubi bakin yankan, zai ga sama sumul, ƙasa kuma da 'yan layuka masu karkata baya, alamar cewa zaren ruwan ya fara gajiya kafin ya fita. Idan layukan sun yi yawa, an yi saurin tafiya ke nan.

Wannan ya sa masu ƙera jiragen sama suka rungume ta, domin taitaniyom da kayan da aka haɗa da zaren kabon ba sa son zafi. Dalili na biyu shi ne na'ura ɗaya tana yanka kusan kome, daga gaskit na roba zuwa baƙin ƙarfe mai kaurin santimita 15 ko fiye, in dai an yi haƙuri da jinkirinta. Faɗin abin da take ci kuma bai wuce kimanin milimita 1 ba, don haka ana iya jera zane kusa da kusa a rage asarar falanki mai tsada. Masu sarrafa abinci suna son ta saboda babu wuƙar da za ta ɗauki ƙwayar cuta daga wannan yanki zuwa wancan.

Mene ne raunin fasahar?

A siririn falankin ƙarfe leza ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, a ƙarfe mai matsakaicin kauri kuma filasma ta fi ta arha. Ba ta yanka gilashin da aka ƙarfafa da zafi, irin na tagogin gefen mota, domin da an taɓa shi yake tarwatsewa. Kuɗin gudanar da ita ma ba kaɗan ba ne. Injin da aka fi amfani da shi yana jan wutar lantarki kilowat 37, ruwan da yake sha bai wuce lita 4 a minti ɗaya ba amma dole ya zama tatacce, domin gishiri da datti suna lalata hudar yaƙutu da toshiyoyin injin. Mafi tsada shi ne yashin ganet, wanda na'urar take cinye kusan rabin kilo a minti ɗaya idan ana babban aiki, kuma daga ƙasashe irin su Ostareliya, Indiya da Amurka ake haƙo shi. Bututun da ke haɗa ruwa da yashi shi ma yana cinyewa daga ciki, sai an riƙa sauya shi.

Haɗarinta kuma ba abin wasa ba ne. Zaren da ke ratsa ƙarfe zai ratsa hannu, kuma raunin da yake yi yana da yaudara, domin a waje ƙaramar huda ce kawai alhali ruwa da yashi da datti sun shige can cikin nama. Shi ya sa ake ba masu aiki da ita kati su riƙa ɗauka a aljihu, wanda yake sanar da likita cewa irin wannan rauni na gaggawa ne ko da bai nuna a ido ba.

Har yanzu ana ƙera waɗannan injina a garin?

Ana yi. A 2003 Ingersoll-Rand ya sayar da sashensa na yanka da ruwa ga wani kamfanin ƙasar Siwidin mai suna Karolin Machine Tool, daga nan masana'antar ta koma amsa sunan KMT Waterjet Systems, kuma tana nan a Baxter Springs tana ƙera injinan matsi da kawunan yanka waɗanda ake haɗawa da teburan wasu kamfanoni a ƙasashe da dama. John Olsen kuwa ya haɗu da John Cheung suka kafa kamfanin OMAX a Kent a 1993, wanda ya ƙara tabbatar da wancan gari a matsayin cibiya ta biyu. Tun daga 2014, KMT da Flow, waɗanda suka daɗe suna gogayya a kasuwa, suna ƙarƙashin uwar kamfani guda mai suna Shape Technologies Group.